Irin Kakana da Jirgi Mai Tace Iska

Damina uku a jere burtuntuna tana shiga gonar babana. Ga wanda bai taɓa noma ba, ciwo ne na hatsi. Zangarniya za ta fito lafiya lau, ta miƙe, har ka fara gyaran rumbu a zuciyarka, sai ka murza ta ka ga wasu ƙwayoyin sun fashe da baƙin gari, ya ɓata maka tafin hannu. A damina ta uku abin ya yi yawa, har mutane suka daina yi wa Baba barka da aiki in sun ratsa ta gonar, sai dai su kau da kai su wuce.

Ni lokacin ina koyarwa a lakwal a Filinge, kuma duk wanda ya shekara goma riƙe da alli yakan ɗauka babu abin da bai san dalilinsa ba. Na yanke hukunci cewa irin ne ya gaji, a canza shi. Baba ya ce irinsa lafiyarsa ƙalau, ciwon daga wani wuri iska ke ɗauko shi ta zuba masa a gona. Mun yi wannan musu a zaure, mun yi shi a gona, mun yi shi a talho har batir ya mutu. Ba wanda ya matsa ko taku ɗaya.

Irin ba na kasuwa ba ne. Kakana ya bar wa Baba shi, shi ma wurin ubansa ya gada, tun zamanin da ba a salla a gidanmu, ana zuba furar farko a gindin gawon da ke tsakiyar gona. Hatsi ne mai doguwar zangarniya, ƙwayarsa da ɗan ja-ja, furarsa kuwa ko ba nono sai ka sha. Maƙwabta sun sha karɓa, amma duk sun gauraya shi da wasu, tsantsarsa sai wurin Baba. Kowace kaka yakan bi gona da kansa ya zaɓi zangarnun da suka fi cika, ya ɗaure, ya rataya a rufin ɗakin baƙi. Ya zaɓi wannan ɗaki ne domin nan Inna, mahaifiyata, ta fi kunna turaren wuta, hayaƙin kuma yana korar ƙwari. Ko an yi shuka ba ya kwance irin duka. Yakan bar dami ɗaya a rataye, saboda shekarar da ruwan fari zai yi wa mutane ƙarya.

A damina ta huɗu, muna cikin hutu, hatsi ya fitar da kai yana bununi, shugaban lakwal ɗinmu ya aiko a kira ni. Na tarar da baƙi biyu daga Yamai a ofishinsa. Ɗaya mace ce, malamar jami'a, kowa Madam yake ce mata. Ɗayan wani dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya son magana, shi ne mai sarrafa na'ura. Madam Zabarmanci da Faransanci take ji, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka suna neman tafinta. Suna kuma neman fili a tsakiyar gonaki, nesa da hayaƙin motoci, inda za su tayar da ɗan ƙaramin jirgi maras matuƙi ya ɗebo musu iska.

Na sa ta maimaita. Ta ce e, iska. Ta ce iskar da muke gani wayam ba wayam take ba, cike take da abubuwan da suka fito daga masu rai: hayaƙin itace, bununin hatsi, ɓurɓushin ganye, da 'ya'yan funfuna waɗanda ido ba ya gani. Suna son su san me ke yawo a saman gonaki da damina. Na tambaye ta amfanin sanin. Ta ce mutane suna shaƙar abubuwan, sannan ɗigon ruwan sama ma ba ya haɗuwa sai ya sami ɗan ƙwayar abu da zai taru a kansa. A nan ta ɓatar da ni. Na gyaɗa kai irin na malamai, amma ban fahimci yadda bununin gonarmu zai shiga harkar hadari ba, kuma har yau ba zan rantse na fahimta ba.

Abin da kunnena ya riƙe shi ne 'ya'yan funfuna. Nan take na ce babana yana da gona, kuma babu irinta a duk ƙasar Kurfai wajen dacewa da aikinsu.

Ranar da muka isa ƙauye sai da aka yi dogon zama a ƙofar maigari. Mutanenmu sun ji labarin jiragen da ba su da matuƙi, kuma ba labarin alheri suka ji ba. Madam ta fito da takardar izini mai hatimi, na karanta, na fassara, aka zagaya da ita hannu-hannu har wurin waɗanda suka riƙe ta a kife. Dattijon ya buɗe akwati ya fito da jirgin. Da mutane suka ga girmansa bai fi tiren shayi ba, da 'yan fukafukai huɗu, sai tsoro ya koma dariya. Wani ya ce ko shaho zai iya sure shi.

Baba bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya daɗe yana duban cikin jirgin, inda aka ɗaura ɗan bututu. Madam ta nuna masa yadda ake sa wata farar takarda zagayayya a ciki, girmanta kamar bakin kofin shayi. In jirgi ya hau sama, wani ɗan famfo zai riƙa zuƙo iska ta ratsa takardar, duk abin da iskar ke ɗauke da shi ya maƙale.

Baba ya ɗago ya dube ni. "Tambai ta, abin ga shina ganin burtuntuna?"

Na tambaye ta. Amsar da ta ba ni doguwa ce. Ta ce mai yiwuwa ne 'ya'yan ciwon su faɗa cikin takarda, amma su ba likitocin hatsi ba ne. Ta ce irin wannan ciwo yana iya zuwa ta iska, yana iya kwana a ƙasa, yana iya maƙalewa a jikin iri, wani lokaci ma duka ukun. Ta ce aikin kwana bakwai ba ya raba irin wannan gardama. Ina saurare ina jin maganar tana zame mini kamar kifi a hannu. Ga maza sun zuba mini ido, ga Baba yana jira, kuma malamin lakwal ba ya tsayawa gaban garinsu ya ce abin da wuya.

"Ta ce shina gani," in ji ni.

Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, da murya yadda kowa zai ji: "To ku zan shaidu. In sunka same ta bisa, yaron ga shi bar ni da irina har in mutu. In ba su same ta ba, ni na bar irin. Maganar ta ƙare."

Madam ta tambaye ni me tsohon ya ce. Na ce yana yi musu maraba.

Kullum da hantsi da kuma bayan la'asar muke fita gona. Dattijon zai shimfiɗa leda a gindin gawo, ya ɗora jirgin, ya ja baya. Jirgin ya yi ƙugi kamar taron zuma, ya miƙe sama har ya zama ɗan ɗigo, ya tsaya wuri ɗaya. Tsayawar nan ita ta fi ɗaure mini kai. Na ɗauka zai yi ta zagaye yana farauta, ashe tsayawa yake yi kawai yana shaƙa. Bayan kamar rubu'in awa sai ya sauko. Madam ta sa safar hannu, ta rufe hanci da baki, ta ɗauko takardar da ɗan hantsaki, ta saka a ƙaramin gwangwani, ta naɗe bakinsa da sikoci, wato leda mai mannewa, ta yi rubutu, ta jefa a galasiya, akwatin sanyin da suka zo da shi. Duk wanda ya matso sai ta ɗaga masa hannu. Ni kaina ta taɓa korata saboda na yi atishawa.

Na leƙa takardun sau da yawa. Fari suke hawa, fari suke saukowa, sai wani ɗan dishi-dishi da sai ka karkata kai za ka gani. Na kasa gane yadda mutum zai baro Yamai, ya ƙona mai, ya kwana a ƙauye, domin wannan.

Akwai kuma takarda ɗaya da ta fi ba ni haushi. Madam ta sa ta a cikin jirgi kamar sauran, amma ba a tayar da shi ba. Ta ɗan jira, ta cire ta, ta rufe a gwangwani, ta yi rubutu. Na ce mata ta manta ba a tashi ba. Ta ce ba mantuwa ba ce, wannan ita ce shaida. Tunda ba ta je sama ba, ya kamata ta isa ɗakin bincike fes. In aka ga wani abu a jikinta, to an san a ƙasa aka kwaso shi, ba a sama ba. Na ce wato shaidar da ba ta je wurin ba ita za a tambaya. Dattijon ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa.

Baba kuwa bai taɓa fashin fita ba. Yana tsaye da hauyarsa a kafaɗa, kansa a sama, har jirgin ya sauko. Wata rana ya ce in faɗa wa dattijon ya karkata wajen gabas, don daga can burtuntuna take zuwa. Dattijon ya ce tsawo da wuri duk a rubuce suke, ba a canzawa. Na ce wa Baba dattijon ya ce sai gobe.

Inna ba ta zo gona ko sau ɗaya ba. Nata aikin a gida yake, kuma a wurinta babu aikin da ya fi shi girma. Ita baƙonka annabinka ba karin magana ba ne, doka ce. A gidanmu kwanon maƙwabta ba ya komawa wayam, kayan baƙo kuma ba sa fita da warin hanya. Duk wanda ya kwana biyu a ɗakinmu, in ya koma gida matarsa sai ta san inda ya sauka. Turarenta da kanta take haɗawa, gajiji da hawi da wasu itatuwa da ba ta faɗa wa ko ƙannenta. Takan zuba a kasko, ta kifa kwando a kai, ta shanya tufafin baƙo, ta ja ƙofa.

A rana ta biyar Madam ta ce za su je wajen Sanam su duba wani fili, kwana biyu. Hanyar duk ramuka ce da ruwa, ba ta son galasiya ta sha jijjiga da rana a bayan mota. Ta tambayi ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Aka ce ɗakin baƙi. Ta ajiye galasiyar a lungu, ƙarƙashin damin irin Baba, tare da jakunkunansu, ta ce in gaya wa mutanen gida su kula da ita. Na gaya wa Inna ta kula da ita. Ban ce kada a taɓa ba, domin a tunanina wa zai taɓa. Na bi su Sanam, tunda ni ne bakinsu.

Da muka dawo, tun daga zaure ƙamshi ya tare mu. An wanke rigunan dattijon an ninke, har da wadda ya ɓoye a ƙasan jaka saboda datti. Gyalen Madam yana ƙamshi kamar na amarya. Galasiya tana ƙyalli. Madam ta rungume Inna tana ta godiya da Zabarmanci, Inna tana amsawa da Hausa, kowa ya gane kowa ba tare da ni ba. Madam ta ɗaga murfin galasiya, ta ƙirga gwangwanaye, ta ga sun cika, sikoci na nan a bakinsu, ta rufe.

Ina cin tuwo Inna ta zauna gefena tana jin daɗin kanta. Ta ce: "Akwatin ga nasu warin roba shikai. Sai da nis share shi sarai. Har 'yan gwangwanayen sun sha turare, guda-guda, na maishe musu da abin ɗaurinsu yadda shike."

Na ce Allah ya saka da alheri, na ci gaba da cin tuwona. Kunnena ya ji maganar, kaina bai karɓe ta ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi muni, domin ni an yi mini bayani.

Baƙi suka tafi. Aka yi kaka, burtuntuna ta sake ɓata wani sashe na gonar, ba kamar bara ba, amma ta ɓata. Baba ya zaɓi irinsa kamar kullum, ya rataya kusa da tsohon damin. Duk ran kasuwar Filinge in mutanen ƙauye sun shigo sai a kawo mini saƙonsa: Yamai sun yi magana? Na ce tukuna. Da abin ya daɗe sai ya fara kira da kansa. Ni kuma, don ban taɓa shakkar wanda zai yi nasara ba, na riga na samo buhun sabon iri, irin da malaman gona ke yabo, na tura shi ƙarƙashin gado.

Sai da bazara ta yi nisa Madam ta kira. Ina tsakar lakwal, yara sun fita shan iska, na raɓe a inuwar bango. Bayan gaisuwa ta tambaye ni ko wani ya buɗe gwangwanayen a gidanmu. Na ce a'a, sannan tun kafin in rufe baki na ji muryar Inna a cikin kaina tana cewa guda-guda.

Madam ta ce shaida ce ta tona. Takardar da ba ta taɓa barin ƙasa ba ta fito cike da hayaƙin itace mai ƙamshi, sauran ma haka. Ta ce da fari sun ruɗe, sun ɗauka na'urarsu ce ta lalace, sai wani a ɗakin binciken ya shinshina gwangwani. Ba ta yi faɗa ba. Har dariya ta ɗan yi, irin dariyar wanda ya riga ya gama ɓacin ransa. Ta ce duk abin da suka ɗiba a ƙauyenmu sun ajiye shi gefe, ba za su iya aiki da shi ba.

Na ce, to burtuntuna fa?

Ta ce sun ga 'ya'yan funfuna a takardun, wasu ma sun yi kama da ita. Ta ce amma an gan su har a jikin shaida. Tunda an buɗe gwangwanayen a ɗaki, kuma ta tuna akwai damin hatsi rataye a sama, ba wanda zai iya cewa daga sararin sama suka zo ko daga rufin ɗakin suka zubo.

"Wato iri ne," na ce.

"Ban ce ba."

"To iska ce."

"Shi ma ban ce ba. Malam, na gaya maka tun a ƙofar maigari, ko da takardun ba su ɓaci ba, ba za mu raba muku wannan ba. Ban sani ba." Ta ce in gaida Inna, gyalen har yanzu yana ƙamshi.

Na koma aji na rubuta darasin da na riga na koyar da safe, yara suka yi shiru suka kwafa. Kwana biyu ina juya maganar. An same ta, amma ba a same ta ba. Tana sama, ko tana ɗaki, ko duka. In na ce an gani, Baba ya ci, alhali ba a tabbatar ba. In na ce ba a gani ba, ni na ci, alhali an gani. In na faɗi gaskiya duka, sai na ce Inna ta ɓata aikin baƙi da hannunta, a garin da ake yi mata kirari da iya baƙi, kuma maganar da aka ƙulla gaban maigari ba ta ɓuya. Sannan sai na faɗi abin da ni na yi wa amsar Madam tun ranar farko. Duk ta inda na ɓullo sai in tarar da kaina tsaye a hanya.

A rana ta uku Baba ya kira. Ya ce ya ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, yana son ya san matsayinsa.

Na ce: "Baba, sun yi magana. Ba su same ta ba."

Na san yadda zai ɗauki maganar, ba zan ce ban sani ba. Na gaya wa kaina Inna nake rufa wa asiri. Da gaske ne, amma buhun da ke ƙarƙashin gadona shi ma gaskiya ne, kuma har yau in na auna ban san wanne ya fi nauyi ba. Abin da na dogara da shi shi ne halin Baba. Na san zai yi gardama. Zai ce jirgin bai karkata gabas ba, zai ce kwana bakwai ba su isa ba, mu yi ta ja har mu sasanta a kan rabin gona nasa, rabi nawa. Har na shirya yadda zan sakar masa rabin cikin girma.

Baba ya ce, "To." Ya kashe talho.

Wannan "to" ta hana ni sukuni, amma akwai jarrabawa a lakwal, ban samu tafiya ba sai ran Asabar. Na ɗaura buhun a bayan babur, na isa da hantsi. Inna ta ji zan zo, ta gyara mini ɗakin baƙi, tunda ni ma yanzu baƙo ne. Na shiga in ajiye jaka, ƙamshi ya cika ɗakin. Na ɗaga kai. Babu komai a rufin sai igiyoyi suna reto.

Na fito na tarar da Baba a rumfa yana gyara ƙotar hauya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi hanya, ya tambayi yara, ya dubi buhun da ke kan babur ya ce a shigar da shi inuwa.

"Baba, ina iri?"

"An sussuke."

"Duka?"

"Duka. Har na bara." Bai daina aikinsa ba. "Na raba ma gidaje sun daka, saura uwarka ta yi muna hura. In nib bar ko zangarniya guda, ruwa na sauka hannuna za shi kai gare ta. Na san kaina. Kuma na yi magana gaban mutane, magana ko zarar bunu ta."

Na tambayi gidajen da aka kai wa, ko wani bai daka ba tukuna. Ya ce bazara ce, wa ke ajiye hatsin sadaka kwana huɗu.

Inna ta kawo ƙwarya ta ajiye a gabana, ta sa ludayi, ta koma madafa. Furar ja-ja ce, kamar yadda na san ta tun ina yaro. Na zuba mata ido. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ban san ta inda zan kama maganar ba, sai na kama ta ta tsakiya.

"Baba, ba hakanan sunka ce ba. Takardun ɓaci sunka yi. Sun ga wani abu, amma ba su san ko daga bisa shike ko daga ɗaki ba. Kuma tun hwarko matar ta ce aikinsu ba shi raba gardamarmu. Ni nij juya maganar."

Ya ajiye hauyar. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, har na gwammace ya ɗaga hannu.

"Mi yaɓ ɓata takardun?"

Idona ya tafi wajen ƙofar ɗakin baƙi, inda hayaƙin turare ke fitowa siriri ta saman labule. Baba ya bi idona da kallo. Ya dubi ɗakin, ya dubi madafa inda Inna ke tsugune tana hura wuta.

"Kada ta ji," in ji shi, a hankali. "Ko bayan raina."

Abin da na kwana biyu ina juyawa, shi bai ɗauke shi numfashi biyu ba. Na ce to.

Ya ɗauki hauyar, ya juya ta, ya sake ajiyewa. "Yanzu kai mai karatu, hwaɗa mini. Ciwon ga, ga iri shike ko ga iska?"

"Ban sani ba."

"Su ma ba su sani ba?"

"Ba su sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya tura ƙwaryar gabana da bayan hannunsa. "To sha, kada ta yi tsami."

Na sha. Daɗinta na nan yadda yake, ban ji wani ciwo a cikinta ba, ko da yake harshe ba ya gane irin wannan. Baba bai sha ba, ya ce ya riga ya sha tasa. Ina cikin sha Inna ta leƙo tana share hannu a zane, ta tambaya ko ɗakin ya yi mini. Na ce ya yi. Ta ce saura curi ɗaya na furar, shi ke nan ta ƙare, ta naɗe mini shi a tsumma in tafi da shi Filinge yara su ɗanɗana.